Sanfulawar da ke dawowa kowace shekara: yadda ake shuka ta a bayan gida a Kansas

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Wichita, jihar Kansas a Amurka, kuma bana Allah ya ba mu gida mai ɗan fili a baya. A watan Satumba na riƙa ganin wasu dogayen furanni rawaya a gefen hanya, maƙwabciyata ma tana da su. Ta ce min sanfulawa ce 'yar asalin nan, wadda ba a sake shuka ta kowace shekara, kuma ta yi min alkawarin saiwa. Yaya zan shuka ta? Ana cin 'ya'yanta? Zan iya aika wa mahaifiyata irin a Katsina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Ki karɓi kyautar maƙwabciyarki, amma ki lura da wani abu: mai lambu ba ya saurin rabon shukar da ta ba shi wahala kafin ta kama. Duk wanda ya ce miki zo ki ɗiba, ki ɗibi da yawa, to abin ya yi masa yawa ne a gida. Raya wannan shuka abu ne mai sauƙi ƙwarai. Inda aikin yake shi ne hana ta wuce gona da iri, kuma yawancin abin da zan faɗa miki a kan haka yake.

Mu fara da gane wadda kika gani. Dangin sanfulawa, waɗanda masana tsirrai ke kira Helianthus, sun kai kusan iri 50, kuma asalinsu duka nahiyar Amurka ne. Wadda kowa ya sani, mai babban kai kamar faifai da ake matsar mai daga 'ya'yanta, ita ce Helianthus annuus, kuma ita jihar Kansas ta ɗauka a matsayin furenta tun 1903. Shekara ɗaya take yi ta mutu, kamar gero. Amma mafi yawan danginta masu ɗorewa ne: sanyi ya kashe kara da ganye, saiwa ta yi kwanton ɓauna a ƙasa, in ƙasa ta yi ɗumi a Afrilu ta sake tohowa. Daga kwatancenki, wato doguwa, tana fure a Satumba, ga ta a gefen hanya a tsakiyar Kansas, na fi zaton Helianthus maximiliani ce. Ki duba ganyen. Idan siriri ne dogo, mai kaushi, launinsa kore mai toka-toka, ya naɗe biyu a tsawonsa kamar kwalekwale kuma ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje, to ita ce. Alama ta biyu ita ce yadda furen ke fitowa. Ba a ƙoli kaɗai yake tsayawa ba, yana jeruwa ne a jikin kara daga hammatar kowane ganye, kusan rabin karan na sama, kowane fure faɗinsa inci 2 zuwa 3. Daga nesa sai ki ga kamar an kafa sanda an yi mata ado da rawaya.

Sunan ya samo asali ne daga wani basaraken Jamus mai sha'awar nazarin halittu, Maximilian na Wied, wanda ya yi tafiya a Amurka daga 1832 zuwa 1834, ya bi kogin Missouri har can sama yana tattara tsirrai. Ba shi ya gano ta ba, don ƙabilun da ke zaune a filayen sun san ta tun kafin a haifi kakansa, amma sunansa ne ya shiga littafi. Yankinta na asali shi ne manyan filayen ciyawa na tsakiyar nahiyar, tun daga kudancin Kanada har Teksas. Gidanki yana tsakiyar wannan yanki. A Wichita ita ce 'yar gari, mu ne baƙi, kuma ba ta jiran wani ya koya mata yadda ake jure zafin Yuli ko sanyin Janairu.

Kuskuren da sabon mai shuka ke yi, musamman irinmu da muka tashi da sanin cewa shuka sai da taki, shi ne shagwaɓa ta. Ni ma na yi. Farkon zuwana na samu tushe uku, na zaɓar musu wuri mafi kyau a lambuna, inda na yi shekara biyu ina zuba ruɓaɓɓen takin shanu don tumatir, ga kuma ban ruwa duk sati. Suka yi tsawo har suka wuce rufin gareji, karan ya yi laushi kamar na rake sabon tohowa, ina ta jin daɗi ina nuna wa baƙi. A farkon Satumba, daidai lokacin da suka fara ɗaukar fure, aka yi ruwa da iska dare ɗaya, irin iskar Kansas da kika riga kika sani. Da safe na tarar duk sun kwanta a kan barkonona. Shekarar da ta biyo baya kuma tushe uku sun zama kurmi, na shafe wata guda ina tono. Wadda ke gefen hanya, da ba mai ba ta komai sai ruwan sama, tana tsaye ƙyam da ƙafarta.

Dalilin a fili yake. A cikin filin ciyawa, saiwarta tana gogayya da saiwar dogayen ciyayi da ke ƙwace ruwa da abinci, saboda haka ba ta samun wadatar da za ta yi tsawon banza, kuma ciyayin da ke kewaye da ita suna tallafe ta in iska ta taso. A lambun da aka gyara aka cire mata duk abokan gaba, ga taki mai yawan sinadarin naitirojin, sai ta miƙe da sauri, karan bai yi ƙwari ba, kan ya yi nauyi. Don haka kada ki sa mata takin zamani ko kaɗan, kuma kada ki shuka ta inda takin ciyawar tsakar gida ke gangarowa. Ƙasar Wichita a wurare da yawa laka ce mai nauyi, kuma ta ishe ta a yadda take. Tana yi a laka, tana yi a jigawa, tana yi a ƙasa mai tsakuwa. Abin da ba ta so shi ne wurin da ruwa ke kwanciya ya daɗe, musamman da hunturu, don saiwar na iya ruɓewa.

Wurin da za ki sa ta shi ne shawara mafi muhimmanci, domin in ta kafu, tashinta sai an sha fama. Tana son rana cikakkiya, aƙalla awa 6 a yini, in ta fi haka ma ya fi. A inuwa takan yi siririya ta karkata tana neman haske, furen kuma ya yi kaɗan. Tsawonta yakan kama daga ƙafa 3 zuwa ƙafa 10, gwargwadon iri da ƙasa da ruwa, saboda haka wurinta can baya ne, jikin shinge, ba ƙarƙashin taga ba. Ki tsaya a wurin ki tambayi kanki: me zai tare ta ta kowane ɓangare? Wuri mafi dacewa shi ne wanda ke da iyaka tun asali, kamar tsakanin bangon gareji da daɓen siminti, ko inda injin yankan ciyawa ke bi ta gefensa duk sati yana sare duk tohon da ya ƙetare. Idan shingen na tsakaninki da maƙwabci ne, ki sani saiwa ba ta san iyakar fili ba, za ta bi ta ƙarƙashi ta ɓullo masa. Ki ja baya da ƙafa 3 daga shingen, ko ki yi masa magana tun da wuri. Kada kuma ta kusanci kunyoyin kayan miya. Ban da cin wuri, dangin sanfulawa suna fitar da wasu sinadarai daga saiwa da ruɓaɓɓen ganye da kan danne tsirowar wasu ƙananan shuke-shuke a kusa da su.

Yadda take yaɗuwa ba baƙon abu ba ne a wurin wanda ya taɓa noma a gida. Kin san kiri-kiri da tofa, yadda jijiyarsu ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, ki sare nan ta ɓullo can. To haka wannan take, sai dai ba ta kai su rashin kunya ba. Jijiyoyinta masu rarrafen gajeru ne masu kauri, ba sa nitsewa da zurfi, kuma tushen yana faɗaɗa ne kamar zobe, kowace shekara ya ƙara faɗi, tsakiyar kuma a hankali ta tsufa ta mutu. Wannan ya sa ana iya riƙe ta. Duk Afrilu, da zarar toho ya kai tsawon yatsa, ki ɗauki shebur mai kaifi ki zagaye tushen kina soka shi a tsaye, ki ɗage duk abin da ya fita daga da'irar da kika yanke mata. Aikin minti 20 ne in ana yi duk shekara. In aka bar shi shekara uku, ya zama aikin gayya. Wasu suna binne katangar roba mai kauri a kewaye, zurfin inci 12 ko fiye, su bar bakinta ya ɗan leƙo saman ƙasa. Yana aiki, amma bai ɗauke miki zagayen shebur ba gaba ɗaya, don hanyar yaɗuwarta ta biyu ita ce iri da ke zuba, kuma shi ba ruwansa da katanga. Ƙananan da suka tsiro daga iri suna da sauƙin tugewa da hannu a shekararsu ta farko.

Kafin ki soka shebur a filin sabon gida, ki kira lambar 811. Kyauta ne, za a zo a yi miki alama inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi. Idan kuma unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje, ki karanta dokokinta game da tsawon shuka, musamman a gaban gida. A bayan gida ba kasafai ake samun matsala ba.

Game da saiwar da za a ba ki, lokacin karɓa mafi kyau shi ne farkon Afrilu, sa'ad da toho ya fara leƙowa, ko kuma ƙarshen kaka bayan ganye ya bushe. Kada ki bari a tono miki ita tana cikin fure. Ki nemi dunƙule kamar girman hannu biyu, mai toho uku ko huɗu, da ƙasarsa a jiki. Ki dasa shi a ranar, a zurfin da yake a da, ki danne ƙasar, ki ba shi ruwa ya ƙoshi. In tushe ya fi ɗaya, ki bar tazarar ƙafa 3 tsakaninsu. Za ki ga wurin kamar fanko a shekarar farko, zuciyarki ta raya miki ki ƙara. Kada ki ƙara. Ga gidan da filinsa matsakaici ne, tushe biyu ko uku sun wadatar.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Irin waɗannan sanfulawa masu ɗorewa galibi ba sa yin 'ya'ya da garin furen kansu, sai ƙudan zuma sun kawo musu daga wani tushe dabam da ba jininsu ɗaya ba. Duk saiwar da aka ɓantaro daga uwa ɗaya, ko ta zama tushe 20, a haƙiƙa shuka ɗaya ce. Idan burinki tsuntsaye su samu abinci, ki haɗa da tushe daga wani wuri. Idan kuma ba ki son ta riƙa zubar da iri a ko'ina, zama da jini ɗaya yana rage yawan hakan, ko da yake tunda maƙwabciyarki da gefen hanya duk suna da ita, ƙudan zuma za su iya ɗauko miki garin daga can.

In da iri kike son farawa, shi ma ba wuya, amma yana da sharaɗi. Irin yana da barci a cikinsa, kuma sanyi mai laima ne ke tashinsa. Hikimar ita ce kada ya tsiro a Oktoba sanyi ya kashe shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ki shuka a Nuwamba ko Disamba, ki rufe da ƙasa kaɗan, kamar kwatan inci, ki bar hunturu ya yi aikinsa. In kin makara, ki cuɗa irin da yashi mai ɗan danshi, ba jiƙaƙƙe sharkaf ba, ki ƙulle a leda ki sa a firij, ɓangaren sanyi ba na ƙanƙara ba, tsawon kwana 30, sannan ki shuka bayan tsakiyar Afrilu lokacin da haɗarin daskarewa ya wuce. Wasu sukan yi fure kaɗan a shekarar farko, amma sai a ta biyu za ki ga ainihinta.

Inda irin ya fito yana da tasiri fiye da yadda ake zato, kuma a nan manomin dawa zai fi kowa saurin fahimta. A gida, dawar gargajiya ko an shuka ta da wuri ko an makara, tana fitar da kai ne kusan lokaci ɗaya, ƙarshen damina, domin tsawon yini take bi ba ranar shuka ba. Wannan sanfulawa ma haka take. Tana jiran yini ya fara gajarta kafin ta ɗauki fure, kuma kowane yanki da agogonsa. Irin da ya fito daga Dakota ta Arewa gajere ne kuma yana saurin fure, don can sanyi na zuwa da wuri. Na Teksas dogo ne kuma yana jinkiri, in aka kai shi arewa sosai sanyi kan riske shi kafin 'ya'yansa su nuna. A 1978 cibiyoyin tsirrai na ma'aikatar noma ta Amurka suka fitar da zaɓaɓɓun iri biyu: Aztec daga Knox City a Teksas, don kudu, da Prairie Gold daga garin Manhattan na Kansas, don yankinku. Saiwar maƙwabciyarki ta riga ta ci jarrabawa a unguwarku, wannan shi ne babban amfaninta. In za ki saya, akwai lambun tsirrai na Dyck a Hesston, tafiyar ƙasa da awa ɗaya arewa da Wichita, inda suke yin kasuwar tsirran asali da bazara da kuma kaka. A duk inda za ki saya, ki tambaya ko an yi wa shukar maganin ƙwari irin wanda ke shiga jikinta, domin yana kaiwa har cikin fure ya cutar da ƙudan zuman da kike son jawowa.

Ruwa kuwa, a shekarar farko ki ba ta sau ɗaya a sati in ba a yi ruwan sama ba, ki bari ya ratsa ƙasa sosai maimakon yayyafi kullum. Daga shekara ta biyu ki janye hannu. Ruwan da Wichita ke samu a shekara, wajen inci 34, ya fi ƙarfin buƙatarta. Sai in an yi dogon fari a Agusta har kin ga ganye ya yi yaushi tun da safe, sannan ki taimaka mata sau ɗaya. Yaushin tsakar rana ba komai ba ne, da yamma take warwarewa.

Dabarar da ta fi kowace amfani wajen hana ta kwanciya ita ce datse kai. A tsakiyar Yuni, in ta kai kamar ƙafa 2 zuwa 3, ki ɗauki almakashin lambu ki yanke kashi ɗaya cikin uku, ko ma rabin tsawon kowane kara. Zai yi miki ciwo a zuci, don a lokacin tana kan ganiyar kyanta. Cikin sati biyu kowane kara zai fitar da rassa, shukar ta zama gajeriya mai cika, furen ya ƙaru, ya ɗan jinkirta kaɗan. Masu lambu a nan suna amfani da ranar 4 ga Yuli a matsayin iyaka, bayan ta ba a ƙara datsa, don kada a yanke inda furen zai fito. Ni nakan datse na gaba sosai in bar na baya da ɗan tsawo, sai su hau kamar matakala, gajerun suna tokare dogayen. Hakan kuma yana rufe wani aibi da take da shi: zuwa Agusta ganyen ƙasa yakan bushe ya zube, ƙafarta ta zama tsirara. Ba cuta ba ce, halinta ne. In kin shuka ciyayin asalin filin a gabanta, irin waɗanda ake kira switchgrass da little bluestem, za su rufe ƙafar, su tallafe ta, kuma saiwarsu ta rage mata zaƙewa, wato ki mayar mata da abokan zaman da ta saba da su.

Cututtukanta ba masu kisa ba ne. Akwai farar fumfuna da ke sa ganye ya yi kamar an barbaɗa masa toka, da tsatsa mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a bayan ganye, duka sun fi yawa in shukar ta cushe iska ba ta ratsawa. Rage kararen a Mayu, ki bar masu ƙarfi, ya isa magani. Za ki ga jajayen darɓa sun yi layi a kan kara, ki fesa musu ruwa da tiyo ko ki ƙyale su, ƙwarin da ke cin su na nan tafe. Wani lokaci za ki tarar da kan fure ya karye yana reto kamar an yanka da reza. Wani ɗan ƙwaro ne baƙi mai dogon baki ke yin haka don ya yi ƙwai a ciki, sai ki tsince kawunan da suka faɗo ki zubar a shara. Zomaye da barewa suna cin sabon toho, saboda haka sabon dashe na son ɗan kejin waya na wata biyu. Da ta girma, cinsu bai wuce datsar da ke ma za ki yi ba.

Idan kika ga tsutsotsi baƙaƙe sun taru suna cin ganye, kada ki yi saurin ɗauko magani. Wasu nau'o'in malam-buɗe-littafi a kan ganyen sanfulawa 'ya'yansu ke girma, kuma shukar da ta kai wannan ƙarfi ba ta jin asarar ganye goma. A gaskiya saboda waɗannan baƙi ne ma ya cancanci a ba ta wuri. Tana fure ne daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da yawancin furanni sun ƙare, kuma daidai lokacin da malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da baƙi, wanda ake kira monak, ke ratsa Kansas kan hanyarsa ta zuwa duwatsun Michoacán a Meziko inda yake yin hunturu. A rabin Satumba na biyu za ki gan su suna sauka suna shan ruwan fure. Jami'ar Kansas da ke Lawrence tana da shirin bin diddigin wannan hijira tun 1992, inda 'yan sa-kai ke manna musu 'yar alama a fiffike. Su dai tsutsotsin monak ba sa cin sanfulawa, abincinsu wata shuka ce mai farin ƙaro, 'yar'uwar tumfafiyarmu. Akwai kuma ƙudan zuman daji da ba sa yin saƙa, waɗanda garin furen sanfulawa da danginta kaɗai suke tara wa 'ya'yansu. Ba su da faɗa, ba sai kin ji tsoro saboda yara ba.

Bayan fure ya ƙare kada ki sare. Ki bar kararen a tsaye duk hunturu, ƙananan tsuntsaye masu kama da kanari za su riƙa zuwa suna tsattsagar kawunan har cikin dusar ƙanƙara. A ƙarshen Maris ko Afrilu sai ki yanke, ki bar kututture mai tsawon inci 12 zuwa 18, domin wasu ƙananan ƙudan zuma a cikin ɓargon busasshen kara suke yin gida. Sabon toho zai rufe kututturen cikin 'yan makonni.

Idan bayan duk wannan kin ga filinki ya yi mata kaɗan, akwai 'yan'uwanta. Helianthus salicifolius, mai siraran ganye masu zubowa kamar gashi, 'yar asalin ƙasa mai farin dutse ce a gabashin Kansas da Missouri da Oklahoma, kuma akwai gajerun nau'o'inta da ake sayarwa, irin su First Light da Low Down, waɗanda suka dace da ƙaramin wuri. Helianthus occidentalis gajeriya ce mai son yashi. Don gefen bishiya inda rana ba ta cika ba, akwai Helianthus divaricatus da Helianthus hirsutus, sai dai su ma suna rarrafe. Wadda zan ce ki guje wa a ƙaramin gida ita ce Helianthus grosseserratus, mai ganye kamar zarto, don ta fi wannan tsawo da cin wuri.

A kan batun ci, 'ya'yanta ba guba ba ne, amma ƙanana ne ƙwarai, ba su fi riɗi da yawa ba, kuma suna zubewa da zarar sun nuna, ba su kai wahalar ɓarewa ba. Ki bar wa tsuntsaye. Cibiyar Land Institute da ke Salina, arewa da ku, wadda Wes Jackson da Dana Jackson suka kafa a 1976, ta yi shekaru tana zaɓen irin wannan shuka don a samu mai manyan 'ya'ya da ba sa zubewa, da nufin samar da amfanin gona na mai wanda ba sai an yi huɗa an sake shuka duk shekara ba. Daga baya ƙarfinsu ya fi komawa kan wata 'yar'uwarta mai suna Silphium. In abin ci kike nema a cikin dangin, to Helianthus tuberosus ce, wadda ke yin 'ya'ya a ƙasa masu kama da ɗanyar citta, ɗanɗanonsu tsakanin dankali da rizga. Ana tono su bayan sanyi ya kashe ganye. Gargaɗi biyu gare ta: tana ɗauke da wani sinadari mai kama da sitaci, mai suna inulin, da ke kumbura ciki ya tara iska, sai a fara da kaɗan, kuma duk ɗan guntun da ya saura a ƙasa sai ya tsiro. Ita kam a cikin rabin duro ko babban baho nake ba da shawarar a shuka ta.

Aika wa Hajiya babba iri a Katsina kuwa, ba na ba da shawara. Na farko, shigar da iri Najeriya yana buƙatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, ba abin jefawa a jakar matafiyi ba ne. Na biyu, shukar ba za ta samu abin da take bi ba. A Wichita tsawon yini yana kaiwa kusan awa 15 a Yuni ya sauko ƙasa da awa 10 a Disamba, a Katsina kuwa bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Shukar da ke jiran gajeren yini za ta ɗauka kaka ta yi tun tana ƙarama, ta yi fure a gajarce, ga babu sanyin da zai ba saiwarta hutu, ga rani na wata bakwai. Na uku, in ma ta yi nasara a wani wuri mai laima, ba lallai abin murna ba ne. Duk wanda ya bi hanyoyin kudu maso yammacin Najeriya ya ga wata doguwar shuka mai fure rawaya ta mamaye gefen titi da saurukan gona. Tithonia diversifolia ce, daga Meziko da Amurka ta Tsakiya aka fito da ita, kuma yanzu manoma fama suke da ita. Idan Hajiya babba na son furen rawaya a tsakar gida, sanfulawa mai shekara ɗaya tana yi sosai a arewa, ana noma ta ma don mai, kuma za a samu irinta a can wurin masu sayar da irin shuka. A shuka ta in damina ta kafu, cikin wata biyu zuwa uku ta yi fure.